Yatsa a Bayan Dunduniya

Shekara arba'in da ɗaya baduku ya yi a shago ɗaya, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matattakalar bene, tsakanin shagon tela da na mai yankan makulli. In ka shiga da tsayinka sai ka gwara kai da siminti, shi ya sa duk wanda ya zo wurinsa, komai girman kansa, a sunkuye yake shigowa. Shi kuwa ko a jikinsa, don ba a tsaye yake aiki ba. Kujerarsa guntuwa ce, an ɗaure mata ƙafa ɗaya da waya, gabansa ɗan teburi da ya sha yankan wuƙa har tsakiyarsa ta yi rami. Warin gam da na fata ya kama rigunansa ta yadda ko an wanke an shanya, matarsa kan ce igiyar ma warin shago take yi.

A wurin kawunsa ya koyi sana'ar, wani tsoho mai faɗan tsiya da bai taɓa yabon aiki ba, iyakarsa ya ce, "Ba laifi, ajiye can." Daga gare shi ya gaji ƙin gwada ƙafar mutum da safe. Ka zo masa da hantsi ka ce a ɗinka maka takalmi, sai ya ce ka je ka yi harkokinka ka dawo da yamma. Ƙafa, in ji shi, ƙarya take yi da safe, sai ta wuni ɗauke da mai ita take nuna ainihin girmanta. In ka dawo ya sa ka taka takarda, ya zagaye ƙafar da fensir, ya auna ta wuri uku, sannan ya ɗauko ƙafar katako, wato itacen nan da aka sassaƙa da siffar ƙafa, wanda ake jan fata a kansa. In ƙafarka ta fi katakon kauri a wani wuri, sai ya yanki guntun fata ya manna a daidai nan, ya kankare, ya ƙara wani, har katakon ya zama ƙafarka sak. Tsofaffin abokan cinikinsa kowa da tasa ƙafar katakon rataye a ƙusa jikin bango. Tasa ma tana nan a ƙarshen layi, ta yi baƙi don tsufa.

Taƙamarsa ɗaya ce a duniya. "In takalmi ya matse ka, kada ka zagi ƙafarka, ni za ka zaga." Haka yake gaya wa kowa, kuma wallahi ba cika baki ba ne. Masu karkatacciyar ƙafa, masu ƙaton babban yatsa, wani direba da ya karye aka ɗora shi ba daidai ba, duk a lungun nan suke samun abin sawa.

'Ya'ya huɗu Allah ya ba su. Uku sun yi nisa, wannan aure, wancan aiki, sai auta da ke koyarwa a makarantar firamare, tana zaune da mijinta a ɗaya gefen gari. Matarsa 'yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki. Tun suna da ƙuruciya ya laƙaba mata Sufeto, don ko allura ba ta shiga gidan ba ta bi ta hannunta ba. Da shekaru suka ja sai yanar ido ta rufe mata na dama, na hagun ma ya koma gani dishi-dishi. Amma hakan bai sauke ta daga muƙaminta ba, komawa ta yi gani da yatsu. Da taɓawa take sanin kwanon da ba a wanke da kyau ba, da taɓawa take tsince tsakuwa a shinkafa.

Ciwon suga ya same shi yana da hamsin da 'yan kai. Ya sha ƙwayoyi shekaru, suka daina yi masa aiki, aka mayar da shi kan allurar insulin safe da yamma. Duk zuwa asibiti sai a ƙara masa yawanta. Sugan ya ɗan lafa, amma jiki ya yi nauyi, jini ya hau, ƙafafu suka kumbura har idon sawu ya ɓace. Aka kwantar da shi kwana tara. Kai, kwana taran nan sun fi masa ciwon zafi! Mutumin da tun yana ɗan sha biyar bai taɓa wuni hannunsa ba komai ba, ga shi kwance yana kallon silin, hannaye a kan ciki kamar na aro.

Ranar sallama likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon. Yarinya ce sa'ar autarsa, ba ta da hayaniya, kuma ba ta ɓoye-ɓoye. Sufeto na gefe da kwandon kwanuka a cinya.

"Baba, bari in gaya maka abin da ke kumbura ka," in ji likitar. "Insulin ɗin nan saƙo yake kaiwa. In ya je wa tsoka sai ya ce ta karɓi suga daga jini. To a cikin ƙoda ma akwai wuraren da yake sauka, a jikin 'yan siraran bututun da ke tace jini, kuma saƙon da yake kai musu daban ne. Cewa yake yi su riƙe gishiri, kada su sake shi ya bi fitsari. Tsokar jikinka ta yi kunnen ƙashi, shi ya sa muke ta ƙara maka allura. Ƙodarka kuwa ba ta kurumce ba, duk abin da aka faɗa tana ji, sai ta yi ta tara gishiri. Inda gishiri ya zauna ruwa na zaune da shi. Ruwan ne ke sauka ƙafa, shi ke ɗaga jini, jinin kuma in ya daɗe a sama shi ke lalata ƙodar."

Baduku ya ce, "Wato duk jikin nan ƙodar ce kaɗai mai ladabi, kuma ladabin nata ne zai kashe ni?"

Likitar ta yi dariya kaɗan. "Ba zai kashe ka ba in ka taimake mu. Allura ba za a daina ba. Suga ya riga ya ci rabonsa a ƙodar, amma da saura, kuma sauran nan muke so mu tsare maka don kada ka kai ga injin wankin ƙoda. A rage gishiri sosai. Ga ƙwaya mai sa fitsari, kullum da safe. Kuma da ruwa ya fara taruwa ina so in sani a makon, ba a watan ba. Kuna da sikeli a gida?"

Ba su da shi.

"To takalminsa ya ishe mu. Ranar da ya fara matse shi, ku zo, ko da ba ranar ganin likita ba ce."

"An gama," in ji Sufeto. "Wannan aikina ne."

Aikinta kuwa ya zama. Kullum da safe in ya sa takalminsa, wani ruwan ƙasa mai igiya da ya ɗinka wa kansa shekara shida da suka wuce, sai ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta zura yatsa a bayan dunduniyarsa. In yatsan ya shige sai ta ce, "Alhamdu lillahi, wuce." Shi kuma ya sara mata ya ce, "Na gode, ranki ya daɗe." Gishiri kuwa ta kwashe shi kaf ta ba maƙwabta, har da ɗanɗanon miya. Auta ta ce, "Umma, ai ragewa aka ce, kuma ke lafiyarki lau, ki riƙa zuba naki daban mana." Ta ce ita ba za ta zauna tana lasar baki mijinta na haɗiyar ruwan zafi ba. Tukunya ɗaya suka ci gaba da ci, lami, ba daɗi ba ƙamshi.

Ƙwayar fitsarin ce ta fara kawo matsala. Shagon ba shi da banɗaki. Wanda ake zuwa yana can ƙarshen layi bayan gidan mai, tafiyar minti bakwai ga mai lafiyar ƙafa. Ƙwayar kuwa ba ta san ana aiki ba, daga ƙarfe tara zuwa tsakar rana sai ta tashe shi sau biyar, sau shida. Shi kuma gam yana da lokacinsa. In ka shafa sai ka jira ya sha iska ya yi danƙo, ka haɗa a daidai lokacin, in ka wuce ya bushe sai ka kankare ka sake. Sau nawa yana dawowa ya tarar aiki ya lalace. Duk wannan ya jure. Amma wata rana ya je ya tarar da layi, kafin a zo kansa abin ya ƙwace masa. Ya dawo yana kare gabansa da jarida, dattijo mai jikoki. Tela na bakin ƙofa, ya gani, ya yi maza ya sunkuyar da kai kan kekensa kamar zare ne ya harɗe. Wannan kawaicin ya fi yi wa baduku ciwo a kan a yi masa dariya.

Tun daga ranar, in Sufeto ta miƙa masa ƙwayar da safe sai ya kai hannu baki, ya kurɓi ruwa, ƙwayar kuwa tana tsakanin yatsunsa. In ya isa shago ya jefa ta gwangwanin ƙusoshi. Ranar da ba ya fita kaɗai yake sha.

Bayan mako biyar, wata yamma, ya ji takalmin na cizonsa a saman ƙafa. Gaskiyar magana, a ranar bai yi niyyar yaudarar kowa ba. Hira ma yake yi da mai makulli, hannunsa ya cire takalmin, ya jiƙa fatar, ya cusa katako ya buɗa ta, kamar yadda ya yi wa dubban takalma. Sai da ya mayar ƙafarsa ya ji daɗi, sannan maganar likita ta faɗo masa. Ya zauna jim yana kallon titi. Can ya ce wa kansa ai fata takan tsuke in ta sha ruwan sama, kuma shekaranjiya an yi ruwa. Washegari yatsan Sufeto ya shige sumul.

Kada wani ya ce bai sani ba. Ya sani sarai! Mutumin da ya shekara arba'in yana karantar ƙafafun mutane, shi za a gaya wa bambancin fatar da ta tsuke da ƙafar da ta kumbura? Tsoro ne kawai. Ya san in ya koma za a sake kwantar da shi, kuma ya ji wata nas na cewa masu irin ciwonsa bai kamata su wuni zaune ƙafa a ƙasa ba. In aka ce ya bar kujerar nan, ina zai sa kansa? Ranar ganin likita ta zo, ya fita shi kaɗai da katinsa tunda auta na makaranta, ya zarce shago. Da yamma ya ce wa Sufeto likita ta yaba. Allura kuwa ya koma karɓa a kemis.

Fata tana da iyakar buɗewa. Da ta kai iyakarta sai ya miƙa hannu ƙarshen layi ya sauko da ƙafarsa ta katako. Ya manna mata fata ɗaya daga sama har gefe, ya kankare, ya yanko sabuwar fata ruwan ƙasa irin waccan. Ɗinka takalmin bai ba shi wuya ba. Wuyar ita ce mayar da sabo tsoho, don ya san yatsun da za su bincike shi. Ya goge dunduniyar da samfefa ta gefen waje, inda tafiyarsa ke cinyewa. Ya lanƙwasa gaban ya yi ta murzawa har ya yi tamoji. Ya yi faci a wurin ƙaramin yatsa, inda tsohon ke da faci, da ɗinki bakwai kamar na wancan. Ya ciro tsohuwar shimfiɗar ciki da tsohuwar igiya ya mayar wa sabon. Kwana huɗu ya yi a kai. Bai taɓa aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ba wanda zai iya nuna wa.

Da safe Sufeto ta durƙusa. Ta shafa facin, ta ja igiyar, ta zura yatsa.

"Alhamdu lillahi, wuce."

Ranar bai sara mata ba, ita ma ba ta lura ba.

A gida ya koma kwana da safa, ya ce suga ne ke sa masa sanyin ƙafa. In ta kawo man zafi za ta shafa masa sai ya janye, ya ce taɓawar ma zogi take sa shi. Wando ne ya kusa tona masa asiri, don ƙwaurinsa ya daina shiga. Ya kwashi uku ya kai wa tela a buɗa ƙafafun.

Tela ya auna, ya sake aunawa, ya cire tabarau. "Malam, ƙafar wando zan ɗinka ko buhu?"

"Yi aikinka, ban zo hira ba."

"Ka koma asibiti, don Allah. Wannan ba ƙiba ba ce."

"Kai ne likitan yanzu? Mutumin da aljihu ma sai ya ɗinka shi a karkace?"

"Zage ni son ranka, amma in iyalinka suka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba."

"Ba wanda zai tambaye ka."

Haka kuwa aka yi, ba wanda ya tambaye shi. Tela ya buɗa wandunan, ya yi shiru da bakinsa, abin da har yau yake cizon yatsa a kai.

Wata uku, ya ƙara fata ta biyu a katakon ya sake ɗinki. Wata biyu, ta uku. Tsofaffin yana tura su ƙarƙashin teburi bayan buhun guntayen fata. Sufeto kuwa ta rame, zanenta har ninki biyu yake zagaye ta, don abincin ba ya shigar mata. Amma farin ciki fal ranta. Duk maƙwabciyar da ta shigo sai ta ji labari. "Wata tara ke nan ko ɗigon kumburi babu. Likita ma ta yaba. Ai ciwo kulawa yake so." Wata rana suna cin abincin rana ranar hutu, ta ajiye cokali ta ce, "Malam, ka ga amfanin jin magana? Da na biye maka da yanzu kana can kan injin nan." Ya buɗe baki zai faɗa, wallahi ya buɗe. Sai ya ga yadda take murmushi tana laluben kofi, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Sufeto." Ya tashi ya fita tsakar gida ya daɗe a tsaye.

Jiki kuwa bai san kunya ba. Fitsari ya koma kumfa, kuma ya ragu. Ƙeya na sara kullum. Bakinsa ya riƙa yi masa ɗanɗanon ƙarfe, fatarsa na ƙaiƙayi ba ƙurji. Tafiyar da yake yi daga bakin titi zuwa shago sai ya huta sau biyu. Takalmi na huɗu da ya ɗinka, ya yi mako biyu a kansa, don in ya sunkuya numfashi ƙin fita yake yi.

Wata Talata da hantsi tela ya ji guduma ta yi shiru, ya ji wani irin gurnani ta bango. Ya leƙa ya tarar da baduku ya dafa teburi da hannu biyu, baki buɗe, gumi na zuba, leɓɓansa sun canja launi. Shi da mai makulli suka cicciɓe shi suka sa a tasi.

Ruwan ya haura har huhu. Aka sa masa robar iska a hanci, aka yi ta allurai. Da auta ta kawo uwarta, likitar nan ce a kansa. Ta yaye zanen gado, ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ƙafafun sun yi sumul suna sheƙi har gwiwa.

"Mama, wata goma sha ɗaya ban gan shi ba. Ba na ce in takalmi ya matse ku zo ba?"

"Bai taɓa matsewa ba, likita!" in ji Sufeto. "Na rantse da Allah kullum sai na duba. Yau ma da safe na duba. Ga yatsan nan." Ta ɗaga shi sama kamar za a karɓi shaidarsa. "Kuma ai yana zuwa wurinki, ke kika ce ya yi kyau."

Likitar ta dubi baduku. Ya rufe ido.

Auta ce ta je rufe shago da yamma. Tela ya tare ta a ƙofa, ya gaya mata abin da ya sani, yana yi yana share ido da hular kansa. Ta shiga a sunkuye, ta jawo buhun guntaye, ga takalma ƙafa huɗu a jere, iri ɗaya, launi ɗaya, faci ɗaya, kowanne ya ɗara na gabansa girma. Ta zazzage gwangwanin ƙusoshi, fararen ƙwayoyi suka watse a teburi. Ta sauko da ƙafar katakon mahaifinta ta sa a leda.

Sai a rana ta uku, da aka cire masa robar iska ya iya zama, sannan auta ta fito da ita. Ta ɗora a cinyar uwarta.

Sufeto ta shafa. Ta san katakon, ta sha ganinsa lokacin da idonta ke gani. Yatsunta suka bi gefe, suka tsaya inda fata ta fara. Ta sa farce tana bin bakin kowane ninki. Baduku na kallon leɓɓanta suna motsi. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Ya jira faɗa. Shekara talatin da takwas yana shan faɗanta a kan murfin buta da tsinken ashana, yau da ya yi abin faɗan, so yake ta yi masa tas ko ya ji sanyi. Ba ta yi ba.

"Malam," ta ce a hankali, "facin nan na wurin ƙaramin yatsa, shi ma sabo ka riƙa yi?"

"Sabo ne."

"Ɗinki bakwai."

"Bakwai."

Ta gyaɗa kai. "Lallai ka iya aiki." Sannan ta ce, "Da ka ce mini ka gaji, ai da na ji. Da ka ce ƙwayar na ba ka kunya, da mun san yadda muka yi, ko bokiti ne da na ba ka ka tafi da shi. Amma ka bar ni kullum ina durƙusawa da gwiwoyin nan ina yi wa Allah godiya a kan ƙarya. Don ka ga ba na gani."

"Ba don haka ba ne."

"To don me?"

"Tsoro na ji su ce in rufe shago."

Auta ta juya ta fuskanci taga tana kuka. Sufeto ta mayar da katakon cikin leda, ta ɗaure bakin, ta ajiye a ƙasa. Ba ta tafi ba, ba ta kuma sake maganar ba. Da lokacin cin abinci ya yi ta buɗe kwano ta miƙa masa cokali kamar kullum.

Sakamakon gwaji ya fito ƙarshen mako. Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Sauran ƙodar da ake ta tattali ya tafi, abin da ya rage ba zai riƙe shi ba. Wanki ne, sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa, har iyakar rai. Ba ta ce masa da ka zo da wuri ba, shi ma bai tambaya ba.

Ɗan Adam da ƙarfin hali! Kafin ta rufe baki har ya fara tsara makonsa. Kwana uku na inji, to, ai saura huɗu. Ko an cire ɗaya na hutu, uku na nan. Zai sa a yi masa ɗan benci ya riƙa miƙe ƙafa a kai. Zai daina karɓar gyara, ya tsaya kan ɗinki kawai. Har ya ji wani ɗan ƙarfi ya shigo masa, ya ce wa auta ta gaya wa direban nan kada ya kai ƙafarsa wani wuri, takalminsa na nan tafe.

Bayan kwana biyu wani likitan ya zo, mai aikin tiyata, dogo mai furfura a gemu. Ya yi bayani cewa injin yana buƙatar babbar hanyar jini, don haka za a yi ɗan aiki a hannu, a haɗa jijiyoyi biyu kusa da wuyan hannu, jijiyar ta yi kauri ta taso, nan za a riƙa sa allurar wanki.

"Hannun kuma sai an lallaɓa shi, Baba. Ba ɗaukar nauyi, ba abin da zai ɗaure shi ko ya matse shi, ko agogo ba a so. Wuƙa da duk wani abu mai tsini su yi nesa da shi, don in jijiyar nan ta yanke, jinin ba ya tsayawa da wasa. Shi ya sa muke zaɓar wanda mutum bai dogara da shi ba." Ya ciro alƙalami zai yi alama. "Wane hannu ne ba ka cika aiki da shi ba?"

Baduku ya ɗago hannayensa ya dube su. Dama ke riƙe wuƙa da basilla. Hagu ke danne fata, wuƙar na tahowa ta wuce dab da wuyansa. In ana ɗinkin ƙasan takalmi, zare biyu ne, ka naɗe ɗaya a wannan hannu, ɗaya a wancan, ka buɗe su lokaci guda da dukkan ƙarfinka har zaren ya nutse a fata. Ga shaidar nan a duka biyun, kanta iri ɗaya, layi iri ɗaya.

"Baba?" in ji likitan.

Ya waiwaya wajen Sufeto. Ita ce ke amsa masa tambayar likitoci tun ranar da ya fara ciwo, kafin ya buɗe baki ta riga shi. Tana zaune, fuskarta na wajensa, ba ta ce komai ba.

"Ba ni da shi, likita," ya ce. "Duka biyun na aiki ne."

Likitan ya jira, alƙalami a hannu, akwai wasu gadajen a gabansa. Baduku ya sauke daman a kan cinya, ya miƙa hagun.

Alƙalamin na da sanyi. Da likitan ya wuce, ya kira auta, ya ce in ta je ta sauko da ƙafafun katakon nan duka daga bango, ta bi masu su ɗaya bayan ɗaya ta ba kowa tasa, ko wani badukun zai yi musu amfani da ita.